Auna gudun ayon a ruwan alkan da aka haska da eksire, ta hanyar hasken da ruwan ke fitarwa

Ayon, wato molekul mai ɗauke da caji, da ke cikin ruwan dodekan (ɗaya daga cikin alkan, sinadaran da suka ƙunshi kabon da haidirojin kawai), idan aka ɗora masa filin lantarki na kilobolt 30 a kowace santimita, gudunsa yana wajen santimita 6 ne a sakan ɗaya. Kafin ya ƙetare tazarar milimita 1 tsakanin faranti biyu sai ya ci kusan milisakan 17. Tsohuwar hanyar awo ke nan: a haifar da ayon kusa da wannan faranti, a jira isarsa wancan, a raba tazara da lokaci. Tana aiki, sai dai wanda ya isa ba lallai ba ne ya zama wanda ya taso. Ayon ɗin farko da haskawa ke haifarwa ba sa daɗewa. Cikin nanosakan ko mikrosakan kaɗan sun miƙa cajinsu ga wani datti, ko sun saki furoton, ko sun manne da wani molekul. Mai son sanin gudun ayon na asali dole ya kama shi tun yana sabo, daga nanosakan 10 zuwa 'yan ɗaruruwa bayan haihuwarsa.

Hanyar da ke yin wannan ba ta jiran ayon ya isa ko'ina. Hasken da ruwan ke fitarwa take kallo, sau ɗaya ba fili, sau ɗaya da fili, sannan ta raba na biyu da na farko. Borovkov da Anishchik da Anisimov ne suka fito da ita a shekarun 1990, a cibiyar nazarin saurin haɗuwar sinadarai da ƙonewa da ke Novosibirsk a ƙasar Rasha, da na'urar eksire mai harbi na ɗan nanosakan.

Abin da ke faruwa a cikin ruwan

Eksire ya fizge ilektiron daga molekul na alkan, ya bar gurbi mai caji fozitif. Ilektiron ɗin yana tafiya har ƙarfinsa ya ƙare, a heksan wajen nanomita 6 zuwa 7 daga inda ya fito. Wannan tazara ba ta kai ta raba su ba. Lars Onsager ya nuna a 1938 cewa jan da ke tsakanin caji biyu yana rinjayar kai-kawon zafi har zuwa wata tazara, wadda a digiri 25 take kusan nanomita 56 a raba da lambar dayalektirik ta ruwan, wato lambar da ke nuna yadda ruwan ke rage jan da ke tsakanin caji. Lambar alkan kusan 2 ce, don haka tazarar tana tsakanin nanomita 28 da 30. Shi ya sa a heksan kashi 3 cikin 100 ne kawai, ko kusa da haka, ke kuɓuta. Sauran suna komawa ga abokan haihuwarsu. Su za mu riƙa kira tagwaye.

Idan akwai molekul mai ƙyalli a cikin ruwan, kuma ya riƙe ɗaya daga cikin cajin biyu, haɗuwar tagwayen takan bar shi a zuge, sai ya saki foton. Matuƙar yana sakin hasken da wuri, cikin nanosakan 1 ko 2, ƙarfin haske a kowane lokaci yana bin yawan tagwayen da ke haɗuwa a daidai lokacin. Can gaba hasken yana raguwa kamar t^(-3/2), wato duk sanda lokaci ya ninka goma, haske ya ragu sau 30 da ɗoriya.

To, a kunna fili. Fozitif ya nufi gabas, negetif ya nufi yamma. Waɗanda ke dab da juna ba su ma san an yi ba, amma waɗanda suka daɗe suna yawo nesa da juna filin yana raba su, ba sa dawowa. Lissafin gajere ne. Tazarar da ke tsakanin tagwaye tana bazuwa da D, jimlar bazuwar su biyun, kuma fili mai ƙarfi E yana janta da gudu μE. Alamar μ ita ce mobiliti, wato gudun ayon a kan kowane bolt a santimita, a nan kuma jimlar na fozitif da na negetif ake nufi. Damar su sake samun juna a lokaci t tana raguwa da exp(−μ²E²t/4D). A sa dangantakar Einstein, D = μkT/e, inda k lambar Boltzmann ce, T zafi a ma'aunin Kelvin, e kuma cajin ilektiron, sai a samu rabon hasken da ke fita da fili (I_E) da wanda ke fita ba fili (I_0):

I_E(t) / I_0(t) ≈ exp(−e μ E² t / 4kT)

A digiri 25, 4kT/e ya kama bolt 0.103. Misali da dodekan: idan jimlar mobiliti 4×10⁻⁴ cm²/V·s ce, fili kuma kilobolt 30 a santimita, saurin raguwar zai zama 3.5×10⁶ a sakan, wato rabon yana sauka zuwa kashi 37 cikin 100 a wajen nanosakan 290. Wannan yana cikin abin da na'ura ke gani sarai.

Kyawun rabawar shi ne abin da take sharewa. Ingancin tattara haske, yawan eksire, da kason tagwayen da juyin ilektiron ɗinsu ya ba su damar fitar da haske, duk ɗaya suke a awon biyu, sai su fita daga lissafi. Sharaɗi guda ne: kada yanayin maganaɗisu a wurin ya canza tsakanin awon biyu, domin maganaɗisu yana taɓa wancan kason.

Ruwan da tsarkake shi

Dodekan ya fi dacewa da gwajin farko. Kaurinsa kusan 1.4 mPa·s ne a digiri 25, ba ya saurin ƙafewa, kuma ayon suna tafiya a cikinsa daidai da idon na'ura. Heksan ya fi shi tsinkewa sau huɗu da wani abu, don haka a rage masa fili zuwa kilobolt 15 ko 20. Skwalan kuwa kaurinsa ya ninka na dodekan kusan sau 20, tasirin fili ba ya bayyana sosai sai bayan mikrosakan da yawa, lokacin da hasken ya riga ya dushe. A ɗumama shi, ko a bar shi sai hannu ya faɗa.

Alkan na kwalba, ko da an rubuta masa tsarki kashi 99, yana ɗauke da olefin da sinadarai masu zoben benzin. Su ne ke sace gurbi. Datti mai yawan 10⁻⁴ mol a lita, da saurin kamu na wajen 10¹⁰, yana cafke caji cikin mikrosakan 1. Idan ya kai 10⁻³, nanosakan 100 ya ishe shi, tsakiyar awonka ke nan. A kaɗa alkan ɗin da asid salfurik mai ƙarfi, ana canza asid ɗin har sai ya daina yin launi. A wanke da ruwa sau da yawa, a busar, a tace ta hanyar tafasawa a kan sodiyam, sannan a bi da shi ta bututun alumina da aka gasa a wajen digiri 400. Kada sodiyam ya taɓa alkan da bai bushe ba. Daga nan a duba shi a na'urar awon shan hasken UV. Idan yana shan haske sosai sama da nanomita 210, ko an ga tudu a wajen 250 zuwa 270, a sake bi da shi ta alumina.

Sai iskar oksijin. Alkan da ya sha iska yana riƙe da ita wajen 0.002 zuwa 0.003 mol a lita, wanda ya zarce yawan wasu abubuwan da kai ka zuba da gangan. Tana kama ilektiron, tana ƙwace shi daga anayon (ayon mai caji negetif), tana kashe ƙyalli. A daskarar da ruwan da naitirojin mai ruwa, a zuƙe iska da famfo, a narkar, sau uku ko huɗu, har kumfa ta daina tashi lokacin narkewa. A yi wannan a wata 'yar kwalba da ke haɗe da gefen mazubin awo, daga baya a karkata ruwan ya gangara, domin daskarewa a cikin mazubin kansa tana fasa tagar kwaz ko ta gusar da faranti. Busa argon ya fi sauƙi, amma yana tafiya da heksan da duk wani abu mai saurin tashi, sai yawan abin da ka zuba ya canza ba ka sani ba.

Wa ke ɗauke da cajin

Nan ne gizo ke saƙa. Na'ura za ta ba ka lamba ko da me ka zuba. Tambayar ita ce lambar ta wane ce.

Ilektiron da gurbi ba sa kamuwa da sauri ɗaya. Ilektiron a heksan yana da mobiliti kusan 0.08 cm²/V·s, ya fi ayon na molekul sau da dama, saurin kamuwarsa kuma yana kai wa 10¹² a kan mol a lita a sakan. Tarkon ilektiron, wato sinadarin da aka zuba don ya kama ilektiron, mai yawan 10⁻³ mol a lita yana gama aikinsa cikin kusan nanosakan 1. Gurbi kuwa, a yawancin alkan, tafiyar molekul yake yi, saurin kamuwarsa wajen 10¹⁰ ne ko ƙasa. Da wannan yawan na 10⁻³ sai ya ɗauki nanosakan 100. Wanda ya zuba para-terfenil kaɗai, wanda da ƙyar yake narkewa fiye da haka a alkan, ya ce ya auna katayon (ayon mai caji fozitif) da anayon na para-terfenil, ya yi kuskure a rabin farko na awonsa: anayon ɗin nasa ne, amma fozitif ɗin har yanzu na ruwan ne, ko na abin da katayon ɗin ruwan ya rikiɗe ya zama. Tarkon gurbi yana bukatar 0.01 zuwa 0.03 mol a lita kafin kamun ya kammala cikin nanosakan 3 zuwa 10.

Don gwajin farko PPO, wani sinadari mai ƙyalli, ya fi sauƙi. Yana narkewa sosai, yana karɓar ilektiron, yana karɓar gurbi, yana fitar da haske a wajen nanomita 360 cikin kusan nanosakan ɗaya da rabi. A fara da 0.01 mol a lita. Para-terfenil yana haske a wajen nanomita 340 cikin kusan nanosakan 1, ya dace a matsayin mai ƙyalli da tarkon ilektiron idan wani abu dabam ne zai riƙe gurbi. TMPD tarkon gurbi ne mai ƙarfi, sai dai iska da haske suna ɓata shi. Idan ƙwayoyinsa sun yi duhu a tsarkake shi ta hanyar turara shi a mazubi marar iska kafin a yi amfani da shi.

Idan tarkon ilektiron biyu ne a ruwa ɗaya, suna raba ilektiron gwargwadon yawansu da saurin kamunsu. Mai son anayon na C6F6, wani tarkon ilektiron, alhali para-terfenil ne mai ba da haske, ya sa C6F6 ya ninka shi sau goma ko fiye, in ba haka ba anayon iri biyu zai auna a gauraye.

Ƙara yawa kuma yana da nasa sharrin. Katayon na benzin, naftalin da danginsu suna manne wa molekul ɗan'uwansu marar caji su zama goyo. Goyon ya fi girma, ya fi nauyin tafiya, sai lambar ta faɗi. Maganin shi ne a yi awo a yawa uku aƙalla, misali 0.003 da 0.01 da 0.03. Idan lambar ta tsaya wuri ɗaya tsakanin biyu daga ciki, ka samu tsakiyar da kamu ya gama amma goyo bai fara ba. Idan tana ta sauka ba tsayawa, wannan sinadarin ba shi da irin wannan tsakiyar a wannan ruwan, sai a faɗi haka a rahoto.

Mazubi da fili

Faranti biyu ne a shimfiɗe daidai da juna, tazarar milimita 1 zuwa 2, masu santsi, gefensu a zagaye ba kaifi. Ɗaya siriri ne, na alminiyam ko beriliyam, ta nan eksire ke shiga, kuma shi ake haɗawa da ƙasa. Beriliyam guba ne, ba a goga shi, ba a kankare shi. Haske yana fita ta tagar kwaz a gefe, ya bi majagaban haske zuwa bututun ƙirga foton da aka kare da dalma daga eksire mai warwatsuwa. A taƙaita eksire ya faɗa tsakiyar faranti kawai, inda filin yake daidai wa daida.

E yana shiga lissafi a ninke, don haka kuskuren kashi 5 a tazara kuskuren kashi 10 ne a sakamako. A tazarar milimita 1, kashi 5 ɗin milimita 0.05 ne, ƙasa da kaurin takarda. A auna tazarar bayan an ɗaure mazubi, ba kafin ba. A auna bolt a bakin faranti da marabin bolt da aka tantance, kada a dogara da allon injin. Faranti kuma su taɓa ruwan kai tsaye. Idan akwai gilashi ko roba tsakaninsu da ruwa, caji yana taruwa a kansa ya cinye filin a hankali, kai kuwa kana lissafi da bolt ɗin da ka kunna.

Iska tana tartsatsi a wajen kilobolt 30 a santimita, daidai inda ake aiki. Alkan mai tsarki yana jure fiye da haka nesa ba kusa ba, amma kumfa ɗaya tsakanin faranti ta isa. Sararin da ke saman ruwa bayan an zuƙe iska ya fi haɗari, domin iska mai ƙarancin matsi ta fi saurin ɗaukar tartsatsi. Ruwa ya rufe faranti gaba ɗaya, wayar babban bolt kuma kada ta bi ta wannan sararin tsirara. A sa rizisto na megohm goma-goma a kan layin don ya rage ƙarfin tartsatsi idan ya faru. Ba zai ɓata awo ba: nano-amfiya 10 ta megohm 50 rabin bolt ne kacal. Idan ka ga wutar da ke ratsa mazubi ta kai mikro-amfiya, akwai laima ko datti, a tsaya a wanke. Heksan yana kama wuta ko a ƙasa da digiri sifili, don haka kada a bar buɗaɗɗiyar kwalba kusa. Kafin hannu ya taɓa mazubi a kashe inji, a sauke cajin da sandar ƙasa, ƙofar akwatin eksire kuma ta kasance mai kashe na'ura da zarar an buɗe ta.

A riƙe zafi kada ya kauce fiye da rabin digiri. Kaurin dodekan yana canzawa kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, mobiliti kuma yana binsa.

Ɗaukar awo

Ana ƙirga foton ɗai-ɗai ne: harbin eksire ya tada agogo, foton na farko ya tsayar da shi. A bar yawan tsayarwa a kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na yawan harbi. In ya wuce haka, foton na farko-farko suna tare na baya, wutsiyar lanƙwasa, wato ƙarshen zanen haske a kan lokaci, ta yi ƙasa fiye da gaskiya.

Kada a yi awa ɗaya ba fili sannan awa ɗaya da fili. Ƙarfin eksire yana gusawa, ruwan yana tara abubuwan da haskawa ta haifar, sai bambancin ya shiga rabo a matsayin tasirin fili. A riƙa sauyawa duk bayan 'yan sakanni: sifili, fozitif, sifili, negetif, ana tara kowanne a ma'ajinsa da lokaci daidai. Juya fuskar bolt yana hana ayon da suka kuɓuta taruwa a gefe ɗaya su murɗe filin. A dakatar da ƙirga na ɗan lokaci a kowane sauyi, saboda hayaniyar lantarki tana shiga bututun foton ta zama ƙirgen ƙarya.

Kuskuren kowane gurbin lokaci 1/√N ne, N kuwa yawan ƙirgen da ke cikinsa. Don rabo ya yi daidai cikin kashi 1, kowane ɓangare yana bukatar ƙirge 20,000. A farkon lanƙwasa wannan ba wuya, a wutsiya kuwa sai an haɗa gurabe da yawa wuri ɗaya, faɗin yana ƙaruwa da lokaci.

Hasken bango shi ne ya fi yaudara. Ya ƙunshi ƙirgen duhu na bututu, ƙyallin da kwaz ke yi idan eksire ya taɓa shi, da ragowar wutsiyar harbin baya. A auna shi daga guraben da ke gaban harbi, na fili dabam, na babu fili dabam, domin fili yana rage ragowar wutsiyar. In ba a cire shi daidai ba, rabon yana kwantawa a ƙarshe, mobiliti ya fito ƙasa da gaskiya. A yi awo ɗaya da mazubi mai alkan zalla, ba mai ƙyalli, a ga abin da taga da ruwan ke bayarwa da kansu. Tsakanin harbi da harbi a bar mikrosakan 10 ko fiye.

Fitar da lamba

A zana ln(I_E/I_0) a kan t. A watsar da nanosakan 20 zuwa 30 na farko, domin akwai faɗin harbin kansa, da hasken da ya zo ta miƙa kuzari daga molekul na ruwan, wanda fili bai dame shi ba, ga kamun caji da bai kammala ba. Gangaren abin da ya rage, a ninka shi da 4kT/e, a raba da E², shi ne μ.

Kafin a yarda da ita a yi gwaji uku. A canza fili zuwa ƙarfi uku ko huɗu, a zana gangare a kan E², dole ya zama miƙaƙƙen layi da ya ratsa sifili. A rage ƙarfin eksire da rabi, kada lambar ta motsa. In ta motsa, caji yana taruwa a mazubi. Sannan a sake awo da sabon ruwa, a kwatanta da wanda ya sha haskawa na sa'o'i.

A sani cewa ƙa'idar ta sama ta dogon lokaci ce. Lokacin da tagwaye ke ɗauka su bazu har tazarar Onsager, a misalin dodekan, ya kai wajen nanosakan 800, awonmu kuwa yana ƙarewa kafin nan. Don haka gangaren kimantawa ce mai kyau, ba ƙarshen magana ba. Ana gyara wannan ta hanya biyu. Ɗaya, a kwaikwayi tafiyar tagwayen a kwamfuta, da jan da ke tsakanin caji da fili da bazuwa, a daidaita μ har lanƙwasar ta hau kan awo. Ɗayar ta fi sauƙi, kuma a ganina ta fi aminci: a ruwa ɗaya, zafi ɗaya, fili ɗaya, siffar lanƙwasar ta dogara ne kusan kacokan a kan μ a ninka da t. A auna tagwayen da aka san mobilitinsu, a auna sababbi, a miƙe ko a matse layin lokaci na ɗaya har su hau kan juna. Adadin miƙewar shi ne rabon mobilitinsu, kuma kuskuren tazarar faranti ya fita.

Layin da ya lanƙwashe ba lallai ɓaraka ba ce. Idan ya fara da gangare mai tsanani sannan ya sassauta, wani mai saurin tafiya ne ake kamawa yana zama mai nauyi. Saikuloheksan, metil-saikuloheksan da dekalin sun shahara da wannan, domin gurbi a cikinsu yana tsallakawa daga molekul zuwa molekul ba tare da molekul ɗin ya gusa ba. A saikuloheksan mobilitinsa yana wajen 0.01 cm²/V·s, kusan sau 20 na ayon na yau da kullum. A kilobolt 30 tasirin zai ƙare cikin nanosakan 11, a cikin yankin da ake watsarwa. A sauke fili zuwa kilobolt 10 sai ya miƙe zuwa kusan 100, a gan shi. Inda gangaren ya karye yana matsowa kusa idan aka ƙara tarkon gurbi, daga nan kuma ake fitar da saurin kamun.

Abin da ke fitowa kullum jimla ce, ta fozitif da negetif tare. Don a raba su, a riƙe abokin tafiya ɗaya a riƙa canza ɗayan: anayon ɗaya da katayon iri-iri yana ba da bambancin da ke tsakanin katayon ɗin kai tsaye. Lamba ta kowane ɗaya kuwa tana bukatar madogara daga waje, ko awon tsohuwar hanya na wani ayon mai daɗewa, ko a ɗauka cewa katayon da anayon na babban molekul ɗaya, kamar PPO, suna tafiya kusan daidai, a raba jimlar biyu. A rubuta a fili wanne aka yi. Daga ƙarshe a gwada da ƙa'idar Stokes, μ = e/6πηr, inda η kaurin ruwa ne, r kuma rabin faɗin ayon. Ayon mai rabin faɗi nanomita 0.5 a dodekan zai ba da 1.2×10⁻⁴ cm²/V·s. Sakamakon da ya ninka wannan sau biyu ba abin mamaki ba ne ga ƙananan ayon. Wanda ya ninka shi sau goma, ko dai akwai ilektiron da ke kuɓucewa daga tarkonsa lokaci-lokaci, ko gurbi mai tsalle, ko kuma tazarar faranti ba ita ce aka rubuta ba.